Gawon da na sare

An haife ni a 1971 a wani ƙauye na ƙasar Adar, tsakanin Tawa da Keita, inda dutse ya fi itace yawa. Yau ina zaune a Yamai, furfura ta cika mini gemu, kuma shekaru talatin na rayuwata a sana'ar itacen girki na yi su. Ɗiyata ce ta matsa mini in rubuta wannan labari. Na daɗe ina ja da baya, saboda akwai wani wuri a cikinsa da ke yi mini nauyi a baki.

Farin 1973 ban san shi ba, ina goye. Abin da na sani daga bakin Inna na ji shi: shanun mahaifina takwas ne, biyu suka ga damina. Bugaje da Fulani suka gangaro daga arewa ba raƙumi ba saniya, wasu har Yamai, inda aka tara su a sansanin Lazare. A watan Afrilun 1974 sojoji suka sauke Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau, kuma kowa ya san yunwar nan tana cikin abin da ya kawo haka. Kakata kuwa in aka ɗauko zancen sai ta ce ai iyayenta sun ga wadda ta fi, Kakalaba, ta wajen 1913. Da irin wannan lissafi muka tashi. Tsofaffinmu ba sa cewa an haifi wane a shekara kaza, sai dai su ce damina biyu bayan yunwa kaza.

A tsakiyar gonar mahaifina akwai wani gawo. Mutum biyu in suka haɗa hannu ba sa zagaye shi. Ina yaro nakan ji haushinsa, don da damina, lokacin da muke noma muna neman inuwar da za mu sha fura, shi kuma a lokacin yake zubar da ganye ya tsaya tsirara. Baba ya ce mini wannan shi ne alherinsa: ya bar wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Gaskiya ne. Hatsin gindinsa ya fi na ko'ina tsawo, zangarniyarsa kamar damtsen mutum. Da rani kuma, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya yi ganye shar, ya zubo ƴaƴa, mu tsince su a buhu mu kai wa awaki. Kakana ya tarar da shi a nan. Ba wanda ya san shekarunsa.

Daminar 1984 sau uku muka yi shuka. Ruwa ya sauka, hatsi ya tsiro, sai iska ta taso da rairayi ta binne shi. Na ukun ya kai gwiwa, ya tsaya yana jiran ruwan Agusta, bai zo ba. Gonar da muke ɗaure dami sittin, dami huɗu muka kwaso, rabinsu ƙaiƙayi. Dā in shekara ta ƙi, maza sukan tsallaka Sakkwato ko Kano su yi cin rani su aiko da hatsi. A wannan shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, shi ya sa har yau a wajenmu ake kiran yunwar El Buhari. Baba ya sayar da saniyar da ta rage, ya bar mana abin da ya samu, ya kama hanyar Abijan biɗa. Ni kuma na bar lakkwal ina aji shida, ban sake komawa ba.

Wanda bai ci anza ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Ƴaƴanta ɗaci ne da su kamar maɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, ga shi ruwan ma sai an yi tafiya. Muka ci ganyen jiga, muka ci dusa. Na ga mata suna tona gidan tururuwa don su kwashe ƙwayar da ta tara. Ni aikina jaki da gatari. Na fara da busassun rassa, na koma sabara da kalgo ɗanye, da suka ƙare a kusa sai na shiga tono saiwarsu. Duk yaran garinmu haka muke yi. Ran kasuwar Tamaske mu kai, a saya da arha, don masu sayarwa sun fi masu saye yawa.

Wani dare a watan Disamba muna zaune ƙofar mai gari, inda rediyo ɗaya tak na garin yake, muka ji labarin Bopal a ƙasar Indiya. Iska mai guba ta fita daga wata masana'antar maganin ƙwari da tsakar dare, dubban mutane suka mutu, wasu a kan shimfiɗarsu. Tsofaffi suka yi ta salati. Bayan shekara ɗaya da ƴan watanni, a Afrilun 1986, aka sake jin na Carnobil, inda tashar nukiliya ta fashe. Waɗannan masifu suna da rana, suna da sa'a, duniya tana tuna su duk shekara, kuma ya kamata ta tuna. Tamu ba ta da rana. Ba wanda zai ce maka ga daren da ƙasar Adar ta mutu. Kaɗan-kaɗan ta tafi, da fari, da iska, da bakin gatari, kuma ɗaya daga cikin gatarin nan a hannuna yake.

Ƙanena, autanmu, shekararsa uku a lokacin. Ƙyanda ta kama shi da farkon bazarar 1985, ta sake shi, gudawa ta karɓa. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura. Anza ba ta zama a cikinsa. Abin da yake buƙata kunun hatsi ne, rumbunmu kuwa har an share ƙasansa.

Sai wani masassaƙi daga wani gari ya tare ni a hanyar rijiya. Ya ce yana son gawon gonarmu, zai fitar da turame da kwamin shayar da dabbobi, zai ba ni tiya shida ta hatsi. Doka ta hana sare gawo, don haka sai da dare. Ban yi shawara da kowa ba. Dare uku muka yi, ni da shi da yaransa biyu. Ina riƙe musu fitila, in sun gaji in karɓi gatari. A dare na uku, gab da asuba, ya yi wata ƙara mai tsawo kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, sannan ya kwanta. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Tsuntsayen da ke kwana a kansa suka tashi suna kewaya wurin cikin duhu, ba su san inda za su sauka ba. Da gari ya waye na ga sararin da ya bari, gonar ta zama kamar ba tamu ba.

Na kai hatsin gida na ajiye gaban Inna. Ta dube shi, ta dube ni. Na ce, “Inna, ki dama masa kunu.” Ba ta tambaye ni komai ba, ta tashi ta ɗauko turmi. Yaron ya sha kwana biyu, har ya zauna da kansa. Bayan kwana goma sha tara Allah ya karɓi abinsa.

Baba ya dawo a 1986. Washegari ya ce in raka shi gona. Ya tsaya a kan kututturen ya daɗe, ni ina bayansa ina jiran mari. Can ya juyo ya ce, “Kun ci?” Na ce, “Mun ci, Baba.” Ya ce, “To, alhamdu lillahi.” Har ya bar duniya bai sake ɗaga zancen ba. Da ya doke ni da na fi samun sauƙi.

A cikin wannan hali aikin Keita ya zo. An fara shi a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, hukumar agajin abinci ta PAM kuma tana ba da abinci a madadin lada. Maza sun tafi biɗa, saboda haka mata ne suka ɗauki aikin a kansu, kuma ba a baki nake faɗa ba, da gammo suka ɗauke shi. Inna tana ciki, ni ma na yi rani biyu tare da ita. A haƙa ramuka a jikin tudu, a jera duwatsu a kan fako don su tare gudun ruwa, a datse ƙorama, a dasa itace. Ba zan yi ƙarya ba, hatsi da mai suka kai mu. Kalmar muhalli a lokacin gida kawai na sani da ita. Amma da damina ta zagayo, na ga ciyawa ta fito a bayan jerin duwatsun da Inna ta ɗauko, a kan fakon da tun haihuwata ko ƙarangiya ba ta tsira. Na tsuguna na taɓa ƙasar, da sanyinta.

Ba a Keita kaɗai ake motsi ba. Tun 1975 aka fara jera dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don ya kare gonaki daga iska. A watan Mayun 1984 an yi babban taro a Maradi kan yaƙi da hamada. Ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace. A 1989 wasu manoman Ilela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka dawo da gyararriyar dabarar tassa: ka haƙa rami a fako da rani, ka zuba taki, ruwan farko ya taru a ciki, ka shuka. Ba a daɗe ba aka fara sayen fako da kuɗi a wajen Badagishiri, ƙasar da dā ko kyauta ba mai karɓa.

Duk wannan na gani da idona, kuma duk da haka na zaɓi wata hanya. Gonar ta yi mana kaɗan, ina son aure, ba ni da ko jika ɗaya. A 1990 na hau mota zuwa Yamai. Aikin da na iya shi na samu: yaron mota a babbar motar itace, hanyar Torodi da ta Say. Daga baya na buɗe wurin kaina. Birni yana girma, kowace tukunya tana son wuta, ciniki bai taɓa tsayawa ba. Abin da na lura da shi tun da wuri shi ne duk shekara sai mun ƙara nisa. Inda muka yi lodi bara, bana fili ne. Daga 1992 aka kafa kasuwannin itace na karkara, mutanen ƙauye su sara bisa ƙa'ida, mu saya, mu biya haraji a ba mu takarda. Tsari ne mai kyau, kuma ni na fake da shi. In zuciyata ta motsa sai in ce ai da takardata. Da kuɗin itace na yi aure, da shi na yi wa iyayena aike a 2005, bayan fara ta cinye amfanin 2004 yunwa ta sake shiga Tawa da Maradi. Da shi na sa ƴaƴana lakkwal. Wanda bai taɓa rasa abin ɗora tukunya ba yana iya zagin mai itace. Ni ba na zagin kowa.

A 2001 na sayi fili a unguwar Harobanda ta Yamai, a wani kwari kusa da kogi. Arha ne ya ja ni, araha kuwa ba ta ado. Wani dattijo Bazabarme ya ce mini yana yaro a wurin ake shuka shinkafa. Na ce masa wancan zamani ya wuce. Ai a Yunin 1985 kogin Isa da kansa ya tsaya a Yamai, mutane suka tsallaka shi da ƙafa. Mu da muka tashi cikin fari mun ɗauka ruwa ya tafi ke nan. Dubbanmu muka yi gini a kan hanyarsa.

A 2012 ya zo har bakin ƙofa ya koma. A 2020 bai koma ba. Tun ƙarshen Agusta muke cika buhuna da rairayi muna kwana a kan madatsa. A farkon Satumba madatsar Lamorde ta ɓalle, kuma a kwanakin nan ma'aunin kogi ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba a Yamai. Da dare matata ta taɓa ni ta ce, “Malam, tabarma ta jiƙe.” Na sauko da ƙafa, ruwa ya kai idon sawu. Kafin mu tattara yara ya kai gwiwa. Na ɗora jikata a wuya, matata ta ɗauki takardu a leda a kanta, muka bi mutane cikin duhu zuwa tudu. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa da ƙara. Jiƙewa yake daga ƙasa, ya tsuguna a hankali. Da safe na dawo cikin kwalekwale, ɗakuna uku sun zama tudun laka, kwanon rufi a kansu. Itacen da na tara na sayarwa, lodin mota biyu, na hango shi yana yawo a kan ruwa, guda-guda, yana bin kogi.

A wani ajin lakkwal aka sauke mu, mu gida huɗu a ɗaki ɗaya. A nan na yi magana mafi tsawo da ɗiyata, wadda ta karanta ilimin ƙasa a Jami'ar Abdu Mumuni. Na tambaye ta me ya sa ruwan ja ne. Ta ce, “Baba, wannan ba ruwan Gini ba ne, inda kogin ya taso, na Gini sai cikin sanyi yake isowa. Wannan na kogunan Sirba ne da Dargol da Goruwal, daga nan yamma da mu. Jan da kake gani ƙasar gonakin mutane ce.” Ta ce in ƙasa tana da itace da ciyawa, tana shan ruwan sama ta sake shi sannu a hankali. In ta zama fako, sai ya gudu gaba ɗaya cikin ƴan sa'o'i, ya kwaso rairayi ya zuba a kogi, cikin kogin ya cike. Ta ƙara da cewa ɗumamar duniya tana sa hadari ya zubar da ruwa mai yawa a lokaci guda, kuma hayaƙin da ya jawo wannan mafi yawansa ba daga ƙasashe irin namu ya fito ba. Na san ta faɗi wannan ne don ta sauƙaƙa mini, kuma gaskiya ne. Amma ni na san dajin yamma da Yamai kafin ya zama fili, na san motocin da suka kwashe shi. Ashe abin da ya kore ni daga Adar da abin da ya rushe mini gida a Yamai ciwo ɗaya ne: ƙasar da ba ta iya riƙe ruwa.

A cikin kwanakin nan ta riƙa nuna mini abubuwa a wayarta. Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta tara mata suna dashen itace tun 1977, aka yi mata duka aka tsare ta, a 2004 aka ba ta kyautar Nobel. Yakuba Sawadogo na Yatenga, manomin da aka yi wa dariya yana haƙa ramuka a fako har ya mayar da shi daji. Sai namu na gida, wanda ya fi taɓa ni. A ƙasar Maradi, daga 1983, wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku ka bar su, ka datse sauran, itace ya dawo ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Manoma suka karɓa, maƙwabci ya koya daga maƙwabci, musamman da suka fara tabbata cewa itacen gonarsu nasu ne. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Maradi da Damagaram. Na tuna saiwar sabara da na tono ina yaro. Da na bar ta a ƙasa, da ta dawo. Na kuma tuna Inna da gammo a ka. An yi taron duniya kan muhalli a birnin Riyo a 1992, an sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da hamada a 1994, amma ita tun kafin nan take ɗaukar dutse.

Ban koma sana'ar itace ba. Ba wai na zama waliyyi ba ne, jarin ma ruwa ya tafi da shi, amma da aka ba ni bashin sake farawa na ƙi karɓa. Yanzu ina haya a tudu, ina sayar da tukunyar gas da murhun mai sauƙi. Ribar ba ta kai rabin ta dā ba, akwai watan da kuɗin haya ke gagara. Abokan sana'ata na dā muna gaisawa, na san abin da ke gidajensu.

Da ranin 2021 na je gida. Ƙanena da ke bi na shi ke noma gonar, ya cika gefen fakon da tassa. A cikin ramukan na ga ƙananan gawo sun fito, daga ƙwayar da ke cikin kashin awakin da ya zuba. Yana shirin sassabe su. Na roƙe shi ya bari, na yayyaga tsohon rawanina na ɗaura wa kowane ƙyalle.

Da dare na shiga ɗakin Inna. Idonta ya tafi, amma hankalinta garau. Na zauna bakin gado na ce, “Inna, akwai abin da nake son ki yafe mini. Gawon Baba, ni na sayar da shi.” Ta yi shiru, ta laluba ta kamo hannuna. Ta ce, “Ɗana, wa kake tsammani ya nuna wa masassaƙin nan hanyar da kake bi zuwa rijiya? Ni ba ni da bakin sayar da itacen mijina, shi ya sa na tura shi wurinka. Daren da babanka ya dawo na faɗa masa. Ashe kai ma kana ɗauke da shi duk shekarun nan?” Muka yi kuka, ni da ita, shekara talatin da shida bayan abin. Ta kira sunan autanta, wanda na daɗe ban ji a bakinta ba.

Ta rasu da daminar 2023. Daga cikin gawo goma sha bakwai da na ɗaura wa ƙyalle, awaki sun ci huɗu, ruwan 2024 ya tafi da biyu da ke bakin ƙorama. Goma sha ɗaya suna nan. Duk rani nakan aika wa ɗan ƙanena jika biyu ya kewaye su da ƙaya, in na je kuma in datse musu rassan ƙasa da kaina. Babban cikinsu yana da taku kamar ashirin daga ramin da tsohon kututturen ya ruɓe, kuma zuwana na ƙarshe ya kai mini kafaɗa.